Daga Turmi Zuwa Ruwan Naƙuda: Yadda Matan Sabo Suka Daɗe Suna Jiran Haihuwa



Kwanakin baya na je barka wani gida a layinmu, na tarar da tsakar gida cike da mata. Ana cikin hira sai zance ya gangaro kan wata yarinya mai cikin fari da ke rakuɓe a gefe, kunya ta hana ta ɗaga kai. Aka ce cikinta ya shiga wata na goma. Nan take kowa ta zama likita. Wannan ta ce a ba ta man zurma, waccan ta ce a matse mata ɗanyen ewedu ta shanye, wata kuma ta ce ta san wani kemis mai ƙwaya, guda ɗaya tak za a sa mata, kafin Magariba ta sauka. Yarinya dai sai ido. Uwarta na Arewa, mijinta na kasuwa, ga baki goma kowanne da tasa fatawar.

Ni jikar ungozoma ce. Kakata ta wajen uwa ta karɓi haihuwa a unguwar nan shekaru masu yawa, kuma ni ce 'yar riƙe mata fitila da ƙwarya tun ina ƙarama. Shi ya sa na dawo gida da abin a raina, na ce bari in zauna in rubuta inda waɗannan dabaru suka samo asali, wanne ne gadonmu, wanne muka ara, wanne kuma ya shigo mana ta bayan gida yana cin rayuka.

Unguwar da ta fara ba tsofaffi

Kowa ya san an kafa Sabo ta Badun a 1916. Kafin nan iyayenmu fatake a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarbawa masu masaukinsu. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, zuwa 1912 kuma ya haɗe da Kano, sai fataucin goro da na shanu ya buɗe sosai. Waɗanda suka fara cika unguwar maza ne majiya ƙarfi: dillalai, 'yan dako, mahauta, almajirai. Matan aure daga baya suka riƙa biyowa, yawancinsu ƙananan yara da aka ɗauro wa aure a gida aka sako su a jirgi.

To a nan matsalar take. A ƙasar Hausa mai ciki ba ta rasa tsohuwa a kusa: ga uwa, ga gwaggo, ga kaka, ga uwar miji. A Kurmi kuwa yarinya za ta wayi gari da tsohon ciki, duk gidan ba wadda ta girme ta da shekara biyar. Mai hali sai ya mayar da matarsa gida goyon ciki tun yana wata bakwai, ta haihu a gaban iyayenta, ta yi wankan jego ta gama arba'in, sannan ta dawo. Marar hali kuwa sai dai ya dogara da 'yan tsirarun tsofaffin da ke akwai. Ita kakata wajen ƙarshen Yaƙin Hitila aka kawo ta, kuma takan ce ba ta zaɓi ungozomanci ba, rashin kowa ne ya koya mata. Haihuwar farko da ta karɓa ta maƙwabciyarta ce, cikin dare, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, ita kanta a lokacin 'ya'yanta biyu kacal.

Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. Ya bayyana yadda matan aure ke cikin kulle suna sana'ar abinci daga cikin gida, yara na yi musu talla. Wannan zaman shi ya tsara yadda ake haihuwa a lokacin: komai a ɗaka, a hannun mata, namiji sai dai a aiko masa da albishir a masallaci ko a rumfa.

Abin da ke cikin ƙwaryar tsohuwa

Idan ciki ya tsufa, abu na farko da tsofaffi ke tsoro shi ne zaƙi. A fahimtarsu, mace in ta cika shan rake, zuma da sukari, zaƙin yana taruwa ya toshe hanya, haihuwa ba za ta zo ba sai ya zube. Don haka daga wata bakwai ake hana ta kayan zaƙi, a shiga ba ta jiƙe-jiƙe masu ɗaci ko tsami, irin su ruwan tsamiya da sassaƙe-sassaƙe. In ta fara ganin farin ruwa mai yauƙi yana fita, sai a ce alhamdu lillahi, zaƙi ya fara zuba. Yau mun san wannan yauƙin majina ce da ke toshe bakin mahaifa tun farkon ciki don kare ɗa, kuma takan fito da kanta in bakin ya fara laushi, ko an sha magani ko ba a sha ba. Amma kada a yi wa tsofaffi dariya. Macen da ciwon sukari ya kama tana da ciki takan haifi ɗa ƙato wanda ke wuyar fita. Sun ga abin da idonsu, bayaninsa ne ya sha bamban da na likita.

Na biyu, aiki. Kakata ba ta yarda mai tsohon ciki ta kwanta ta miƙe ƙafa ba. Takan ce, "Tashi 'yar nan, ɗauki taɓarya. Ɗa ba ya saukowa a kan katifa." Daka, shara a sunkuye, zagayen tsakar gida bayan La'asar, waɗannan su ne motsa jikin macen kulle. Na uku, miyar yauƙi: kuɓewa, karkashi, lalo. Tunanin shi ne abin da ya yi santsi a baki zai sa hanya ta yi santsi. A nan ne muka haɗu da maƙwabtanmu, domin lalo shi ne ewedun Yarbawa, su ma kuma suna da wannan imanin. Daga wajensu matanmu suka koyi shan agbo da cin aseje, wasu har sukan faki ido su je wajen iya abiye, wato ungozomarsu.

Na huɗu, addu'a da rubutun sha. Maigida zai je wajen malam a rubuto ayoyi a allo, a wanke a kawo. Sai dabino, wanda asalinsa kowa ya sani: a cikin Suratu Maryam, lokacin da naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, an umarce ta ta girgiza shi ta ci nunannun 'ya'yansa. Alhazai in sun dawo, akan ware wa mai ciki nata dabinon da ruwan Zamzam daban. Akwai kuma shawarar da ake raɗa wa mace a kunne, cewa kada ta guji shimfiɗar mijinta don ciki ya tsufa, hakan na buɗe hanya.

Man zurma shi ne makami na ƙarshe, kuma kakata ba ta son sa. Tsohon magani ne ƙwarai, tun Misirawan zamanin Fir'auna suna amfani da shi, akwai shi a rubuce-rubucensu na magani na fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Yana murɗa hanji ya sa zawo, wani lokaci mahaifa ta ɗauka ita ma. Abin da takan ce shi ne, macen da ta kwana tana zawo da amai, da wane ƙarfi za ta yi nishi da safe?

In ka duba duka waɗannan, ban da man zurma, za ka ga abu ɗaya ya haɗa su: ba wanda ke tilasta wa mahaifa. Dabaru ne na rage wa mace zaman jira da fargaba har lokaci ya yi. Maganar da na fi ji a bakin kakata ita ce, "Haihuwa lokaci ce. Mangwaro in ya nuna da kansa yake faɗowa."

Inda haƙuri ya zama illa

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Wannan haƙurin da ya yi amfani kafin naƙuda, shi ne ya kashe mata da yawa bayan naƙuda ta fara. Kunyar ɗan fari takan sa yarinya ta ɓoye ciwo, ta shige ɗaka ita kaɗai ta cije baki, don kada a ce ba ta da kunya. Mace takan kwana biyu, uku a kan gwiwa ana cewa a ƙara haƙuri, alhali ɗa ya zo a gicciye ko kansa ya fi ƙugunta. In abin ya ƙi, sai a ce gishiri ne ya tare hanya, a kira mai aska a yi yankan gishiri. Daga doguwar naƙuda da wannan yankan ne yoyon fitsari ke samuwa: kan ɗa ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu ya huje, ko kuma askar ta huda ta kai tsaye. Akwai matan da muka taso muka gani a ƙuryar gida, ba sa shiga taro, ba mu san dalili ba sai da muka girma.

Kakata da kanta ta daina barin mace ta wuce yini da kwana a hannunta tun daga ranar da ta rasa wata yarinya 'yar shekara goma sha biyar. Har ta koma ga Allah ba ta daina ambaton yarinyar nan ba.

Su ma Turawa sun yi nasu kuskuren

Kada a ɗauka mu kaɗai muka yi ta laluben hanya. A Turai ungozomomin ƙauye sun daɗe suna amfani da wani baƙin abu da ke fitowa a zangarniyar hatsinsu in ya yi ciwo, suna ba masu naƙuda don ta yi sauri. A 1808 wani likita a Amurka, John Stearns, ya yaba garin wannan abu ya tallata shi ga likitoci. Aka rungume shi hannu bibbiyu. Ba a jima ba aka ga jarirai na ta zuwa ba rai. A 1822 wani likitan a birnin New York, David Hosack, ya fito ya ce garin ya fi cancanta a kira shi na mutuwa, ya ba da shawarar a bar shi sai bayan ɗa ya fito, don tsayar da jini. Har gobe maganin da aka tace daga cikinsa a 1935 wannan aikin yake yi a asibiti, ba a ba mace shi da ɗa a ciki.

Dalilin yana da sauƙin ganewa, kuma ina roƙon kowa ya riƙe shi. Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, tana matse jijiyoyin da ke kai wa mabiyiya jini, ɗa ya ɗan rasa iska. In ta saki sai jini ya dawo, ya samu ya farfaɗo. Wannan hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo shi ne numfashin jariri. Maganin da ya sa mahaifa ta ƙulle ba sakewa ya hana ɗa numfashi ke nan, in kuma hanya ba ta buɗe ba, mahaifar ce za ta yage.

A 1906 wani masani a Ingila, Henry Dale, ya gano cewa wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana fitar da sinadarin da ke sa mahaifa ta murɗa. Shi ne oksitosin. A 1953 Vincent du Vigneaud ya iya haɗa shi a ɗakin bincike a Amurka, aka ba shi kyautar Nobel a 1955. Wannan shi ne abin da muke kira ruwan naƙuda. A asibiti ana zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa, yana ɗiga kaɗan-kaɗan, nas na ƙirga ciwo tana sauraron bugun zuciyar ɗa, in ya yi yawa ta rage ko ta tsayar. Duk amincinsa yana cikin wannan ƙirgen.

Asibiti ya zo, ƙafa ta yi nauyi

Mu mutanen Badun mun yi sa'ar da garuruwa da yawa ba su yi ba. An buɗe asibitin Adeoyo a 1928. Jami'a ta zo a 1948, babban asibitin koyarwa na UCH kuma aka buɗe shi a 1957, ga shi nan kusa da mu, ko da ƙafa ana zuwa. A nan ne Farfesa John Lawson ya yi shekaru yana jagorantar sashen haihuwa, ya yi suna a kan doguwar naƙuda da gyaran yoyon fitsari, har shi da abokin aikinsa suka fitar da littafin koyar da likitocin ƙasashe masu zafi a 1967.

Duk da haka matanmu sun daɗe ba sa zuwa. Akwai kulle, akwai rashin jin Yarbanci da Turanci, akwai ƙyamar likita namiji, akwai kuma tsoron wuƙa, domin an ɗauka duk wadda ta shiga sai an yi mata aiki. Da yake ba a kai mace sai ta galabaita, da yawa a can suke cikawa, sai labari ya dawo unguwa cewa asibiti ne ya kashe ta. Tsoro ya haifi jinkiri, jinkiri ya ƙara tsoro.

Wanda ya warware wannan ƙulli da hujja shi ne Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta jihar Ribas, wanda ya yi karatu ya kuma yi aiki a nan Badun kafin ya koma Zariya. Daga 1976 zuwa 1979 shi da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, matan da suka yi awo tun da wuri kaɗan ne ƙwarai ke mutuwa a cikinsu, mace-macen sun taru ne a kan waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kwaso su. Ƙananan yara masu cikin fari da matan da suka yi haihuwa da yawa su ne suka fi shiga haɗari. Matan da ya ƙirga ɗin nan 'yan uwanmu ne, al'adarmu ɗaya. Bayan shekara biyu, a 1987, aka yi babban taron duniya a Nairobi kan ceton rayukan masu haihuwa.

Kwalba ta fito titi

Daga shekarun 1980 zuwa yau abubuwa sun juya. Jikokin matan da ke gudun asibiti yanzu su ne ke cika layin awo, a yi musu sikanin, a rubuta musu ranar haihuwa a kati. Wannan ci gaba ne, mun gode Allah. Amma wata sabuwar fitina ta biyo baya: maganin asibiti ya fito waje ba tare da ilimin asibiti ba.

Allurar naƙuda ta shiga jakar masu bi gida-gida. Sai kuma ƙwayar misofurostol, wadda asali don gyambon ciki aka yi ta, daga baya aka gano tana murɗa mahaifa da ƙarfi. A 2006 Nijeriya ta yi mata rajista don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kuma a wannan aikin ta ceci mata ba adadi. Likitoci na amfani da ita wajen tayar da naƙuda, amma ɗan mitsitsin kaso suke bayarwa, suna tsaye a kan mace. Ƙwaya guda da ake sayarwa a kemis ta ninka wannan kason sau da yawa. Ruwan naƙuda in ya yi yawa ana iya rufe shi. Ƙwaya in ta narke a jiki ba mai dawo da ita.

Ina da maƙwabciya, haihuwarta ta bakwai. Duk shidan a ɗakinta ta haife su lafiya, har ana yi mata kirari da mai sauƙin haihuwa. A na bakwai ta gaji, ƙafa ta kumbura, ga bikin ƙanwarta ya matso tana so ta sauka kafin lokacin. Wata mai allura, ba zan kama suna ba, ta zo ta sa mata ƙwaya da hantsi. Kafin Azahar ciwo ya taso ba ƙaƙƙautawa. Can sai ta ce ta ji wani abu ya ɓalle, ciwon ya tsaya cak, aka ɗauka sauƙi ne ya zo. Ashe mahaifa ce ta fashe. Kafin a samo mota a nemo masu ba da jini, ɗa ya tafi. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, amma an cire mahaifar. Macen da ta haihu sau da yawa, da wadda aka taɓa yi wa aiki, mahaifarsu ta fi saurin yagewa. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya. Kowace ɗaya a cikinsu tana da unguwa, tana da gidan da aka yi zaman makoki.

Lissafin wata, inda rigimar ke farawa

Yawancin cikin da ake cewa ya wuce lokaci bai wuce ba, lissafi ne ya sha bamban. Asibiti na ƙirga kwana 280, wato sati 40, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Mu kuma da watan sama muke ƙirge, wanda ke kwana 29 ko 30. Wata tara na sama kwana 266 ne, sati 38 ke nan. Misali, macen da ta ga al'adarta ta ƙarshe a ranar ɗaya ga watan Cika-ciki, watanta tara zai cika a ƙarshen Azumi, amma ranar da ke katinta sai kusan sati biyu bayan Ƙaramar Sallah. Ke nan shiga wata na goma ba abin tashin hankali ba ne, yawancin mata suna shiga.

Ita ma ranar kati ƙiyasi ce. Kusan mace ɗaya cikin ashirin ce ke haihuwa a ranar daidai. Daga sati 37 zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne, kuma cikin fari ya fi yawan jinkiri. Sikanin da aka yi a watanni ukun farko shi ya fi faɗin gaskiyar kwanan ciki. Wanda aka yi da tsohon ciki yana iya kuskure da sati biyu ko uku.

Amma jira ma yana da iyaka. In ciki ya haura sati 41 mabiyiya takan fara gajiya, ruwa ya ragu, haɗarin rasa ɗa ya ƙaru. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tayar da naƙuda a asibiti in an tabbata ciki ya kai sati 41. A misalinmu na sama, wajen 21 ga watan Ƙaramar Sallah ke nan. Zancen ciki ya kwanta, a bar shi zai tashi, ba a nan wurinsa yake ba.

Me ya rage a ƙwaryar kaka?

Da masu bincike suka auna dabarun gargajiya, wasu sun tsira, wasu sun faɗi. Dabino ya fita kunya. A 2011 wasu likitoci a ƙasar Jodan suka ba mata 69 dabino shida kullum a sati huɗun ƙarshe, suka kwatanta su da mata 45 da ba su ci ba. Kashi 96 cikin 100 na masu cin dabinon naƙuda ta zo musu da kanta, a ɗaya ɓangaren kashi 79. Binciken ƙarami ne, amma dabino abinci ne mai ba da ƙarfi, ba ya cutarwa, sai ga mai ciwon sukari, ita ta tambayi likita tukuna.

Tafiya da aikin gida daidai ƙarfi suna rage ciwon baya, suna gyara barci, suna sa jiki ya yi ƙwari. Ba su ke kawo naƙuda ba, don haka babu dalilin sa yarinya hawa da sauka a bene har ta jigata. Lalo da kuɓewa miya ce mai kyau, a ci da tuwo, amma hanyar abinci daban, hanyar ɗa daban. Kusantar miji ba laifi in lafiya lau ake, sai dai a bar shi in faya ta fashe, ko ana ganin jini, ko an ce mabiyiya ta sauko ƙasa. Murza kan nono yana sa jiki ya saki oksitosin nasa na kansa, yana kuma iya tayar da ciwo da gaske, saboda haka ba a yin sa sai da izinin ungozomar asibiti. Akwai kuma dabarar da ita kanta takan yi in lokaci ya cika: ta sa yatsa da safar hannu ta zagaya bakin mahaifa ta ɗan raba shi da jakar ruwa. Tsohuwar dabara ce, tun 1810 wani likitan Sikotland, James Hamilton, ya bayyana ta, kuma tana rage yawan matan da sai an ɗaura musu ruwa.

Man zurma a bar shi. 'Ya'yan zurma kuwa guba ne, ko kusa kada a tauna. Agbo da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ba a san ƙarfinsa ba, shi ma a bar shi. Ƙwaya da allura a gida, wannan wasa da rai ne. Rubutu da addu'a a ci gaba da yi, a sha a kama hanyar asibiti, ba su hana juna.

Ga alamomin da ba a jira da su ko da tsakar dare ne: jini, fashewar faya ba tare da ciwo ba, ruwa kore ko mai wari, ɗa ya rage motsi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, ko jijjiga. Haka kuma naƙudar da ta yini ko ta kwana ba ci gaba.

Magidanta, saura ku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki na wata bakwai a san asibitin da za a je, a ajiye kuɗin mota da lambar direban da zai ɗaga waya da ƙarfe biyun dare, a san 'yan uwa biyu da za su ba da jini. Wanda ke kwana a Bodija ko Akinyele ko yake kan hanyar Arewa da kaya, ya bar izini a gida tun kafin ya fita, kada mace ta zauna tana zubar da jini ana jiran a same shi a waya. Iyayenmu mata kuma, a taimaka a rage yi wa mai ciki tambayar "har yanzu ba ki sauka ba?" Wannan tambayar ita ke tura yara wajen mai ƙwaya.

Ita yarinyar gidan barka, washegari na raka ta awo da katinta. Nas ta duba ta ce satinta 39 da kwana biyu, ɗa na kwance daidai, zuciyarsa lafiya. Muka dawo gida, na saya mata dabino a bakin masallaci. Bayan kwana tara naƙuda ta zo mata da kanta da Asuba, kafin La'asar ta sauka a asibiti, an samu mace. Ranar suna na ci tuwo na ƙoshi.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa bisa sunna. Iyayenmu ungozomomi da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka yi aiki da fitilar ƙwai da abin da suka sani, Allah ya jiƙansu ya yafe musu kurakuransu. Amin.